Murafan faiba na jirgin da nake haɗawa: sukuru zan sa, hinji ko Camloc?

Baban Ilham:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Shawara nake nema wajen waɗanda suka san aikin faiba. RV-7A, ƙaramin jirgin sama na kamfanin Van's, nake haɗawa a garejin gidana a nan Texas, aikin alminiyom ya yi nisa alhamdulillah, yanzu na iso kan murafan faiba: kwanson tayoyi uku, rigar ƙafafun taya, murfin da ke rufe mahaɗar wutsiya da gangar jirgi, bakin fukafukai biyu, sai murfin inji sama da ƙasa. Duk cikinsu babu wanda za a liƙe a manta da shi, dole a riƙa cirewa ana mayarwa, ko ba komai duk shekara sai an yi wa jirgi binciken lafiya kuma sai an buɗe ko'ina an leƙa. To da me zan kama su? Na ga masu sa noti mai kunne (wanda ake kafewa da ribit a bayan rami) da sukuru, na ga masu hinji mai dogon fil wanda daga waje ba ka ganin komai, na ga masu Camloc ko Skybolt da ake murɗawa kwata ɗaya ya buɗe. Abin da ba na so shi ne bayan shekara biyu ramukan su buɗe, fenti ya fara tsagewa a gefen kowane sukuru, na ga haka a jiragen mutane a filin da ke kusa da mu kuma wallahi ba kyan gani bayan duk wahalar da mutum ya sha.

Dalibin Zariya:
Wa alaikumussalam Yaya, Allah yasa a gama lafiya. Ni tambaya ma zan dora akan taka, wai dole ne sai ansa wadannan murafan? naga kananan jirage da yawa tayarsu a bude take kuma suna tashi lafiya lau. sannan me zai hana a daura sukuru mai yanka wa kansa zare irin na rufin kwano a wuce wajen

Maman Sadiq:
Ƙanina ba dole ba ne, jirgi zai tashi ba su. Amma ƙafar tayar RV sandar ƙarfe ce zagayayya, kuma sanda zagayayya in ta shiga iska jan da take yi ya kai wajen ninki goma na abu mai kauri ɗaya da ita wanda aka yi wa siffar ɗigon ruwa. Kenan wannan ƴar rigar faibar gudu take ƙara maka kuma mai take rage maka a kowace tafiya.

Batun sukuru mai yanka zare kuwa ka cire shi a ranka tun yanzu. Faiba ba ta riƙe zare. Zaren gilashi ne aka jiƙa da rezin ya daskare, duk sanda ka murɗa sukuru a ciki gari kake niƙawa, ka cire ka mayar sau kaɗan ramin ya gama aiki, ga girgizar inji tana ta cin wajen. Duk hanyar da za a bi, zaren ya zama ƙarfe ne yake kama ƙarfe, ita faiba a tsakiya kawai take a matse.

Tsohon Soja:
Madalla da wannan bayani Injiniya. Baban Ilham, jirgin nan naka ɗan gida ne a wurinmu. Air Beetle da aka haɗa a Kaduna domin koyar da matuƙan sojan sama, daga RV-6A aka samo shi, guda 60 aka yi oda daga kamfanin Van's, shi kuma RV-7 ɗin shi ya gaji RV-6 a 2001. Saboda haka murafan da kake magana na san su hannu da hannu.

Abin da zan faɗa maka, ka ɗauki faiba kamar ƙwarya. Ƙwarya tana ɗaukar kaya mai nauyi in nauyin ya bazu a jikinta, amma ka danna mata ƙusa wuri guda ta tsage. Duk aikin da za ka yi na baza nauyi ne. Kuma kada ka nemi hanya ɗaya ta yi maka ko'ina, ka tambayi kanka kowane murfi sau nawa zan buɗe shi a shekara, amsar ita za ta zaɓa maka abin kamawa.

Oga Faiba Panteka:
Baba ranka ya dade ni dai a nawa ganin ana wahalar da kai ne. mu nan kullum cikin aikin faiba muke, bamba, murfin babur, tankin ruwa, ribnot muke sawa ka huda rami daya ka matse shi da filaya shikenan ka samu zare na karfe, minti daya an gama. shi wannan noti mai kunnen rami uku fa zaka huda kowane daya, na sukuru da na ribit biyu, in guda dari ne rami dari uku kenan, yaushe za a gama

Maman Sadiq:
Oga ramuka biyun nan da kake ganin ɓata lokaci ne su ne aikin gaba ɗaya, su suke hana notin juyawa. Ribnot matsewa kawai yake riƙe da shi, a jikin faiba kuma matsewar tana murƙushe gefen ramin tun ranar farko. Ranar da sukuru ya ɗan ciza ka sa ƙarfi, sai ribnot ɗin ya kama juyawa tare da sukurun, ba ya fita ba ya shiga, bayansa kuma a rufe yake hannunka ba ya kaiwa. A bamba sai ka sa giranda ka yanke. A bakin fiffiken da aka gama yi wa fenti fa?

Na Johannesburg:
Anti a yi wa ribnot adalci dai. Nan Tedderfield kudu da Johannesburg ake yin jiragen Sling, kuma duk wanda ya taɓa haɗa ɗaya ya san ribnot ne birjik a jikinsa, ga su nan suna ta zagaya duniya. In ramin daidai yake ba sako-sako ba, aka goge shi tas, aka ɗan shafa gam mai ƙarfi kafin a matse da na'urarsa ta ainihi ba filaya ba, yana zama daram.

Maman Sadiq:
Ban musa ba Malam, amma duba inda suke zaune, akasari a jikin alminiyom ne, kuma wanda ya zana jirgin da su ya zana shi. Maganata a kan dasa shi cikin faiba tsurarta ce. In wuri ya matse babu yadda za a yi hannu ko abin matse ribit ya shiga, to a sa ribnot a ɓangaren ƙarfe, ban ce komai ba. Ko a nemi irin na Click Bond da ake liƙawa da gam ba ribit, yana da kyau sai dai tsada, kuma in ba a kankare wajen an wanke shi sosai ba zai ɓalle.

Baban Ilham:
Na gode ƙwarai. To mu ɗauka na tsaya a kan noti mai kunne a wutsiya da kwanson taya. Inda kaina ya ɗaure shi ne bakin fiffike, don shi leɓen faibar ne yake shiga ƙarƙashin fatar alminiyom, kenan notin a jikin faiba zai zauna ba a jikin ƙarfe ba. Ribit ba zai fasa ta ba?

Tsohon Soja:
Zai fasa in ka sa mai tauri ka buga da bindigar ribit. Ga yadda ake yi, ka karanta a hankali.

Ka yanko siririn alminiyom, kauri 0.025 na inci ya isa, faɗinsa ya ɗan fi notin, ka shimfiɗa shi a bayan leɓen daga gaba har baya. Ka kankare shi da sanfefa mai kaushi, ka kankare faibar ita ma har ƙyallin ya tafi, ka liƙa su da gam ɗin ifoksi da aka kwaɓa da garin auduga. Wasu har ƙananan ramuka suke hudawa a jikin alminiyom ɗin don kwaɓin ya fito ta ciki ya riƙe. In ya bushe sai notin ya zauna a kan ƙarfe, faiba tana tsakiya. Ribit kuma ka nemi mai taushi, AN426A, ba AD mai ɗigo a ka ba wanda ka saba da shi a fatar jirgi, kuma da abin matsewa na hannu za ka matse a hankali kana kallo. Da ka ga faibar ta fara yin fari a gefen ribit to ka wuce gona da iri.

Sai nisa daga baki. A alminiyom an koya maka ninki biyu na kaurin ƙusa daga tsakiyar rami zuwa baki. A faiba ka ba shi ninki uku in wuri ya yarda, babu asara.

Kuma kada ka fara da babban rami. Duk ramukan ka fara su da bakin diril lamba 40, ka kama da Cleco, wato fil ɗin riƙon wucin gadi da ake sawa a rami, ka fara daga tsakiya kana tafiya gefe-gefe don kada faibar ta taru ta yi tudu a tsakanin ramuka. Sai komai ya zauna, ka duba bayan bakin fiffiken ya yi layi ɗaya da aileron, wato fallen nan mai motsi a bayan fiffike, a tsaye daidai, sannan ka buɗe su zuwa lamba 27 in sukuru lamba 6 ne, ko 19 in lamba 8 ne. Ƙaramin rami da ya kauce ana cike shi da kwaɓi a sake hudawa, wannan kam faiba ta fi ƙarfe haƙuri.

Dalibin Zariya:
Baba Allah ya kara lafiya, wannan ai darasi ne guda. amma in notin yana jikin jirgi murfin ya rufe shi ta yaya mutum zai san inda zai huda daga waje?

Na Johannesburg:
In faibar ba fenti ba farin shafe a kanta haske yana ratsa ta, ka sa tocila a ciki ka kashe wutar gareji za ka ga ramin ya fito ɗigo mai haske sai ka sa alama. In mai farin shafe ce ka manna ƙaramin maganaɗisu a kan ramin ta ciki, ka ɗora wani ta waje zai je ya tsaya a kansa da kansa. Ko tun kafin ka ɗora murfin ka ja layi biyu a jikin jirgi da suka gicciye a tsakiyar ramin, ka tsawaita su waje, in ka ɗora sai ka mayar da layukan da rula.

Baban Ilham:
Ta maganaɗisun nan ta yi min. To batun tsagewar fenti a gefen sukuru fa, wanda shi ne asalin abin da ya dame ni?

Maman Sadiq:
Abu uku ne ke kawo shi kuma na farkon ya fi yawa: ana tilasta wa murfi da sukuru. In ka ɗora murfin wutsiya ka ga sai ka danna da yatsa kafin ya kwanta, to bai zauna ba, in ka ja shi da sukuru zai kwanta a gindin sukurun ya ɗaga a tsakani, kuma yana nan yana ja dare da rana har ya tsage. Murfi mai kyau ko ba sukuru ɗaya a jikinsa a kwance yake. Gyaran ba wuya: ka rufe jikin jirgin da salatif mai sulɓi na ɗaure kwali, ka shafa kaki a kai, ka kankare cikin leɓen murfin, ka shafa kwaɓin ifoksi da garin auduga, ka ɗora ka kama da Cleco kaɗan ba tare da dannawa ba. Gobe ka ɓamɓare, ya ɗauki siffar jirginka sak. In ratar babba ce gara ka yanke leɓen ka shimfiɗa sabon ƙyalle falle uku ko huɗu a kan jirgin kai tsaye.

Na biyu, sukuru mai shafaffen kai a faiba siririya. In zurfin gurbin kan ya cinye kaurin faibar duka, bakin ramin ya zama kaifin wuƙa, babu abin da ya rage da zai riƙe, ramin zai yi ta faɗi. Ko ka ƙara falle biyu ta baya, ko ka sa washar Tinnerman, siririyar nan mai gurbi a tsakiya, ita ke ɗaukar cizon kan sukurun ta baza shi. Ka kuma lura sukurun jirgi kusurwar kansa digiri 100 ce, na shagon kayan gini a Amurka 82 ne, na mita 90, in ka gauraya su kan ba zai zauna a gurbinsa ba sai a baki kawai.

Na uku ɗaurewa fiye da kima, musamman da diril mai batir. Juyin ƙarshe da hannu ake yi.

Oga Faiba Panteka:
Hajiya na karu wlh. amma ifoksin nan da kuke ta kira, rezin din da muke aiki dashi na foliyesta ai shima yana kamawa kuma kudinsa bai kai rabi ba, ka diga masa hadina minti ashirin ya daskare. da tabarmar faiba falle biyu ai ko mutum ya hau ba zai karye ba

Tsohon Soja:
Ɗana aikinku ina girmama shi, hannunku ya fi na da yawa daga masu haɗa jirgi iya shafa. Amma ka riƙe wannan: ifoksi yana kama jikin foliyesta da ya bushe in an kankare, shi kuwa foliyesta ba ya kama jikin ifoksi da kyau, kuma riƙonsa a alminiyom ba abin dogaro ba ne. Ga shi yana tsukewa in yana bushewa. Tabarmar da kuke sawa kuma, mai yankakken zare, tana shan rezin da yawa ta yi nauyi, kuma abin da ya haɗe zarenta an yi shi ne ya narke a foliyesta. A jirgi saƙaƙƙen ƙyalle ake sawa, siriri, a matse rarar rezin ɗin tas.

Baban Ilham, tunda Texas kake ka kula da zafi. In ifoksin West System kake aiki da shi, hadina 205 a digiri 22 ma minti 9 zuwa 12 yake ba ka a kofi, a garejin da ya ɗau rana kafin ka gama shafawa ya yi zafi ya daskare a hannunka. Ka nemi 206, ko 209 da aka yi domin yanayin zafi. Kuma awon ba ɗaya ba ne, 205 da 206 biyar da ɗaya ne, 209 uku da ɗaya. Ba a ƙara hadina don ya yi sauri yadda ake yi wa foliyesta, in ka ƙara lalacewa zai yi. Ka sa safar hannu da abin rufe hanci in kana kankara, ƙurar nan ba ta da kirki a huhu, kuma jikin mutum in ya fara ƙin ifoksi ba ya dawowa.

Na Johannesburg:
Ni fa har yanzu a bakin fiffike hinji nake goyon baya. Layi ɗaya sama ɗaya ƙasa, ka zare fil biyu bakin ya fito a hannunka, ba sukuru ko ɗaya a waje, ba fentin da zai tsage, nauyin kuma ya bazu a tsawon layin gaba ɗaya wanda shi ne abin da Baba yake faɗa tun ɗazu. Sukuru wajen talatin ko arba'in a kowane gefe ba wasa ba ne ranar da kake son duba wayar fitila.

Tsohon Soja:
Gaskiya ne yana da kyau, ban ƙi ba, amma sau nawa zai buɗe bakin fiffike? Sau ɗaya a shekara, sai ko in fitila ta mutu ko eriya. Aikin hinji a wurin yana cin lokaci, ga nauyi ya ɗan ƙaru, kuma in layin bai miƙe ba fil ɗin zai riƙa ba shi wahala duk shekara. Wanda ya ga zai iya ya yi. Ni inda nake son a kashe kuɗi da tunani shi ne murfin inji, don shi ake buɗewa kullum. Injin Lycoming mai filta duk awa 50 ake canza masa mai, ko wata huɗu in awannin ba su cika ba, ban da duba fulogi da neman yoyo. Murfin da ke da wahalar buɗewa mai shi zai fara cewa bari sai wani satin, a nan matsala take ɓuya.

Maman Sadiq:
Wannan haka yake Baba. A murfin inji gefe da gefe inda layin yake a miƙe hinji ba shi da na biyu. Amma saman bangon wuta, wato bangon da ya raba inji da wurin zaman matuƙi, inda ya lanƙwasa, tura fil a wurin ta ƙofar duba mai aiki ne, nan Camloc ko Skybolt suka fi, sai dai a tanadi kuɗinsu kuma sai an yi musu leɓen alminiyom mai ɗan kauri da za su zauna. Na Skybolt ana iya daidaita zurfinsa bayan an ɗaura, wannan yana taimako don kaurin faiba ba ya zama ɗaya ko'ina. Idan hinji ne kuma a bambance: MS20257 naɗe idonsa aka yi, MS20001 kuwa a rufe idon ya fito daga masana'anta, ya fi jure girgiza. Ƙasan murfin kusa da salansa nan idanun hinji suka fi karyewa ɗaya bayan ɗaya, duk buɗewa a ƙirga su. Kuma kowane fil a lanƙwasa ƙarshensa a kama shi da wani abu, girgiza tana tura fil waje a hankali, na gaba kuma farfela ce a gabansa.

Dalibin Zariya:
Anti to in ansa kyallen kabon a leben fa, naji ance yafi gilashi karfi nesa ba kusa ba

Maman Sadiq:
Ya fi tauri, amma kabon in ya taɓa alminiyom ga danshi, alminiyom ɗin ne zai riƙa ciwuwa, sai an raba su da fallen gilashi. Kuma yana tare siginar rediyo, wanda zai ɓoye eriya a bakin fiffike kada ya kai shi wurin. Ga murfi irin waɗannan gilashi ya wadatar. Abin da ya fi wannan muhimmanci fenti ne, rana tana cin ifoksin da ba a rufe ba, kuma wanda ya bushe a zafin ɗaki yana fara laushi tun wajen digiri 50 zuwa 60, shi ya sa jiragen Burt Rutan irin su Long-EZ za ka gan su farare.

Baban Ilham:
Allah ya saka da alheri, na samu abin da nake nema. Saura rigar ƙafa da kwanson taya, akwai abin da zan kiyaye ban da kamawa?

Tsohon Soja:
Akwai. Rigar ƙafa ƙaramin fiffike ce a tsaye, in ta karkace ko kaɗan za ta riƙa jan hancin jirgi gefe ka yi ta taka fedar rada, wato abin juya hancin jirgi da ke wutsiya, kana neman dalili. Ka ɗaga jirgin tayoyi su bar ƙasa yadda suke a sama, ka daidaita shi da ma'aunin ruwa, ka ja zare daga rigar zuwa baya daidai da tsakiyar jirgi, sannan ka ɗaure kilif ɗin sama. Sai ta zauna za ka gina ƙananan murafan mahaɗa a kanta, don su ne za su riƙe ta a wannan matsayi.

Kwanso kuma ka bar wa taya sarari, wajen inci ɗaya a sama, a bakin ramin ƙasa kuma yatsanka ya zagaya ko'ina ba tare da ya matse ba, don taya tana buɗewa gefe in ta daki ƙasa, in ta kama bakin kwanson za ta yage shi. Ka yi ƴar ƙofa ko rami daidai bawul don auna iska ba sai ka kwance komai ba. Sa'o'in gwaji na farko ma ni da za ka bar kwanson a ajiye, idonka yana kan birki da tiyonsa kowace sauka.

Baban Ilham:
In sha Allah haka zan yi Baba. Tambaya ta ƙarshe, notin da na gwada sukurun yana shiga da ƙyar sosai har kan yana neman lalacewa, wani maƙwabcina ya ce in bi shi da abin yanka zare ya saki. In bi?

Tsohon Soja:
Kada ka bi. Da gangan aka ɗan matse ƙarshen notin ya zama ba zagayayye ba, wannan tauri shi ne makullin da ke hana sukuru kwancewa da girgiza, in ka yanke shi ka mayar da shi noti na banza. Ka shafa wa sukurun kakin kyandir ko man sulɓi na Boelube, ka samu sukuru ɗaya na ƙarfe mai kan alanki ka fara ratsa kowane noti da shi sau ɗaya kafin ka sa na ainihin. Na farin ƙarfe marar tsatsa ya fi saurin cizawa a cikin noti, shi kada ka taɓa sa shi a bushe, kuma duk wanda kansa ya fara lalacewa ka jefar ka sa sabo.